Malam Muhammadu Alkashinawi, Masanin Taurari na Ƙasar Katsina

Gabatarwa

Idan ana lissafa malaman da ƙasar Hausa ta yi kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, akan ambaci Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani na Katsina, da Malam Jibrilu ɗan Umaru, sannan a wuce. Ba kasafai akan tuna da Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace Bakatsine ba, wanda Larabawa suka sani da Alkashinawi, alhali kuwa tarihinsa na cikin littafin da ya fi kowane shahara a kan tarihin Masar ta ƙarni na 18. Wannan malami ya ƙware a kan lissafi da sanin taurari da ƙididdigar lokutan salla, ya karantar a Alƙahira, ya kuma rasu a can cikin shekarar 1741. Wannan maƙala za ta bi rayuwarsa daga Katsina zuwa Masar, ta bayyana irin ilmin da ya riƙe da amfanin da jama'a ke samu daga gare shi, sannan ta dubi taƙaddamar da ke tattare da littattafansa.

Asalinsa da Garinsu

Cikakken sunansa kamar yadda ya zo a littattafai shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi Assudani. Ana kuma danganta shi da Ɗanranko, wani gari na ƙasar Katsina. Ya yi ƙuruciyarsa da neman ilminsa tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da farkon ƙarni na 18, wato lokacin da birnin Katsina ke tashen ciniki da karatu. Ayarin Azbinawa da Larabawa na sauka da kaya daga Agadas da Gadamas, fatake na tafiya Gwanja neman goro, littattafai kuwa na biyo hanyar da kaya suka biyo.

Karatu ya daɗe da kafuwa a Katsina kafin haihuwarsa. Shaihu Magili ya ratsa Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, Imam Suyuɗi na Masar ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim Sura wasiƙar nasiha, hasumiyar Gobarau kuma na nan tsaye tana shaidar wancan zamani. Wali Ɗan Masani ya rasu a 1667. Saboda haka Alkashinawi ya taso ne cikin al'ummar da ta saba da zaure da allo da littafi, wadda kuma ɗalibi ba ya jin nauyin barin garinsu don bin malami.

Malamansa

Abdurrahman Aljabarti, marubucin tarihin Masar, ya kawo sunayen malamai 4 da Alkashinawi ya yi karatu a wurinsu. Na farko shi ne Shaihu Muhammadu Alwali ɗan Sulaimanu, malamin ƙasar Bagarmi da ke kudu maso gabas da Tabkin Cadi, wanda ya shahara a fannin tauhidi, ya kuma yi rubutu a kan haramcin shan taba. Sauran su ne Shaihu Hashimu, da Shaihu Muhammadu Fodiyo, da Shaihu Muhammadu Bindu. Wannan Fodiyo laƙabi ne na malanta a bakin Fulani.

A wurin Shaihu Muhammadu Fodiyo ya karanta nahawu da sarfu da littattafan adabi. Ya lazimce shi wajen shekara 4, a gida da kan hanyar tafiya. Da farko malamin ya yi masa laƙabi da mai Maƙama, saboda ya haddace Maƙamomin nan na adabin Larabci har yana iya kawo kalmominsu duk lokacin da aka buƙata. Da ya ƙware a nahawu kuma sai ya koma kiransa Sibawaihi, sunan babban limamin nahawun Larabci na Basra. Duk wanda ya san halin malaman zaure ya san ba su da saurin yabon ɗalibi, don haka wannan laƙabi ba ƙaramar shaida ba ce.

A wurin Shaihu Muhammadu Bindu kuwa ya ɗauki hisabi, da ilmin haruffa, da ilmin hatimi, da ilmin miƙati bisa tafarkin malaman Magrib. Wannan ya nuna cewa tun kafin ya taka ƙasar Larabawa, a nan ƙasar Sudan ya sami tushen fannonin da suka ɗaukaka sunansa. Ya tafi Masar da guzurinsa na ilmi, har mutanenta suka ɗiba daga gare shi.

Mene ne Ilmin Miƙati?

Kafin a ci gaba da labarin tafiyarsa, ya kamata a tsaya a kan wannan fanni, domin ta nan ne ilmin sama ke sauka daga zauren malami ya shiga rayuwar talaka. Miƙati shi ne sanin lokaci ta hanyar lura da rana da wata da taurari. A zamanin da babu agogo a hannun kowa, ladan da limami da manomi da madugu duk suna dogara ne ga wanda ya san shi.

Abu na farko shi ne lokutan salla. Azahar na shiga idan rana ta gota daga tsakiyar sama, la'asar kuwa a mazhabar Malikiyya idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da yake da ita a lokacin zawali. Wannan inuwar zawali tana canzawa daga wata zuwa wata, kuma daga ƙasa zuwa ƙasa. A Katsina, wadda ke kan daraja 13 arewa da tsakiyar duniya, rana na tsayawa daidai kan kai sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, har sanda a tsaye ta rasa inuwa. A Alƙahira, wadda ke kan daraja 30, hakan ba ya taɓa faruwa. Ke nan jadawalin inuwa da aka tsara don wata ƙasa ba ya aiki a wata sai mai lissafi ya gyara shi.

Abu na biyu shi ne alƙibla. Daga ƙasar Hausa Makka na gabas ne, an ɗan karkata arewa da kimanin daraja 20. Daga Alƙahira kuwa tana kudu maso gabas. Da dare matafiyi kan nemi tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa kamar sauran, ya daidaita kansa da shi. Tsayin wannan tauraro daga doron ƙasa daidai yake da nisan wuri daga tsakiyar duniya: a Katsina da Tambuwal yana can ƙasa-ƙasa, a Makka ya ɗaga zuwa daraja 21, a Alƙahira ya kai 30. Alhajin da ya yi tafiya irin ta Alkashinawi yana ganin wannan canji da idonsa, wanda kuma hujja ce tsohuwa a kan cewa duniya a dunƙule take.

Abu na uku shi ne wata. Daga jinjiri zuwa jinjiri kwana 29 ne da rabi, shi ya sa wata ke yin 29 ko 30, shekarar Hijira kuma ke yin kwana 354. Ta gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, saboda haka azumi ke zagaya damina da kaka da hunturu da bazara, ya dawo inda ya faro bayan kimanin shekara 33.

Abu na huɗu, wanda ya fi shafar manomi, shi ne manzilolin wata guda 28, waɗanda malamai ke kira taurarin shekara. Tunda watannin Hijira ba sa tsayawa a kan yanayi ɗaya, ba a iya shuka da su. Sai aka raba shekarar rana a kan waɗannan taurari, kowane ya sami kwana 13, wato 364, aka ƙara wa ɗaya kwana guda don a cika 365. Kowane yanayi daga cikin huɗu yana da taurari 7. Mafi shahara a cikinsu ita ce Surayya, wadda Hausawa ke kira Kaza da 'Ya'yanta. Tana ɓacewa a yamma bayan magariba wajen farkon watan Mayu, ta sake bayyana a gabas kafin fitowar rana cikin watan Yuni, daidai lokacin da ruwa ke sauka a ƙasar Sakkwato. Tsofaffin manoma na Fakku da Kebbe da Tambuwal, kamar takwarorinsu na sauran ƙasar Hausa, sun gaji lura da wannan alama. Haka nan Zara da ake gani kusa da jinjirin wata da yamma, da Gamzaki mai fitowa da asuba, tauraruwa ɗaya ce, wadda Larabawa ke kira Zuhura. Tana zagaya rana ne daga ciki da hanyar duniya, don haka wani lokaci takan biyo rana a baya, wani lokaci ta riga ta fitowa, kuma takan maimaita wannan zagaye duk bayan kwana 584.

Tafiya Hajji da Zama a Makka

Da ya gama abin da zai iya ɗauka a wurin malamansa, sai ya kama hanyar gabas. A wancan zamani tafiyar hajji daga ƙasar Hausa aikin shekaru ce, a ƙasa ko a kan raƙumi, ana tsayawa a garuruwa ana karantarwa ko ana sana'a don neman guzuri, da yawa kuma ba sa dawowa. Alkashinawi ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu, ya kuma rubuta labarin tafiyar tasa. Ya yi aikin hajji a shekarar 1142 ta Hijira, wato 1730.

Bayan hajji ya zauna a Makka na wani lokaci. A nan ne ya fara rubuta babban littafinsa mai suna Addurrul Manzum wa Khulasatus Sirril Maktum, a kan ilmin taurari da ɗalasimai. Kamar yadda sunan ya nuna, ya gina shi ne a kan littafin Assirrul Maktum da ake danganta wa Imam Fakhruddin Arrazi, malamin tafsiri da ya rasu a farkon ƙarni na 13. Ya tsara littafin a kan gabatarwa da manyan sassa 5 da kammalawa, ya kuma gama tsabtace shi a Alƙahira cikin watan Rajab na shekarar 1146, wato ƙarshen 1733 zuwa farkon 1734.

Zamansa a Alƙahira

Masar a lokacin lardi ce ta daular Usmaniyya ta Turkawa, ko da yake ainihin iko na hannun manyan Mamaluka. Masallacin Azhar shi ne cibiyar karatu, yana da ɓangarori na kwanan ɗalibai gwargwadon ƙasashen da suka fito, har da na mutanen Barno. A wannan birni Alkashinawi ya sadu da Shaihu Hasan Aljabarti, wanda aka haifa a 1698, malamin fiƙihun Hanafiyya da kakanninsa suka fito daga gabashin Afirka. Shaihu Hasan yana cikin 'yan ƙalilan ɗin malaman Azhar da suka damu da lissafi da falaki da ƙera kayan auna lokaci. Ya saukar da baƙon a gidansa, ya kuma karanta ilmin hatimi a wurinsa.

Darajar wannan almajirci tana fitowa fili idan aka dubi abin da ya biyo baya. Wajen 1750 wani gwamnan Masar mai suna Ahmad Basha, mai son lissafi, ya tambayi manyan malaman Azhar a kan waɗannan fannoni, ya tarar ba su da abin cewa, sai aka nuna masa gidan Shaihu Hasan. A wurinsa gwamnan ya yi karatu, har ya sassaƙa agogunan rana na marmara aka kafa a masallatai, ciki har da Azhar. Mutumin da Alƙahira ta koma wa a wannan rana ya taɓa zama gaban Bakatsine yana ɗaukar darasi.

A shekarun nan ne kuma Alkashinawi ya rubuta sauran littattafansa. Akwai Bahjatul Afaƙ a kan haruffa da hatimi, wanda ya gama wajen 1732. Akwai Bulugul Arab min Kalamil Arab a kan nahawu. Akwai Minahul Ƙuddus, waƙaƙƙen littafi a kan manɗiƙi, da sharhin da shi kansa ya yi masa.

Hatimi da Lissafi

Abin da ya fi jawo hankalin masana na zamani a cikin ayyukansa shi ne bayaninsa a kan yadda ake gina hatimi. A wurin mai lissafi hatimi murabba'i ne da aka raba gida-gida, aka zuba lambobi ta yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida 3 sau 3. Idan aka sa 4 da 9 da 2 a layin sama, 3 da 5 da 7 a tsakiya, 8 da 1 da 6 a ƙasa, ko ta ina aka tara sai a sami 15. Mai gida 5 sau 5 jimlarsa 65, mai gida 9 sau 9 kuwa 369. Wahalar ita ce samun ƙa'idar da za ta gina kowane girma ba tare da lalube ba, kuma irin waɗannan ƙa'idoji ne ya bayyana game da hatimai masu gidaje mara, kamar 3 da 5 da 7.

Alaƙar hatimi da sama ta zo ne daga tsohuwar al'adar malaman wannan fanni, waɗanda suka raba hatimai 7 ga taurari 7 masu tafiya: mai gida 3 na Zuhalu, a bi da bi har zuwa mai gida 9 na wata. Akwai kwafin Bahjatul Afaƙ a ɗakin karatu na makarantar nazarin ƙasashen Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a kan lissafin haruffa na Alkashinawi a Ibadan cikin 1967, Claudia Zaslavsky ta Amurka kuma ta gabatar da hatimansa ga masu karatun Ingilishi a littafinta kan lissafin mutanen Afirka na 1973.

Taƙaddama a Kan Ilminsa

Duk mai son gaskiya dole ya faɗi cewa littattafan Alkashinawi ba falaki tsantsa ba ne. A cikinsu lissafi na gaskiya ya cakuɗe da ɗalasimai da neman tasirin taurari a kan al'amuran mutane. Malaman Musulunci sun daɗe da raba ilmin taurari gida biyu. Akwai na tafiyarsu, wanda ake sanin lokaci da alƙibla da hanya da shi, wannan kowa ya yarda da shi, wasu ma sun sa shi cikin farillan da wani ke ɗauke wa wani. Akwai kuma na hukunci, wato da'awar sanin gaibu da arziki da tsiya daga matsayin taurari, wanda mafi yawan malamai suka hana. Bayan jihadi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu na musamman yana jan kunnen jama'a su nisanci masu rufa-ido da masu duba da taurari. Ilmin kimiyya na yau ma bai sami wata hujja da ke nuna tauraro na juya rabon mutum ba.

Amma ba adalci ba ne a auna mutumin 1730 da ma'aunin yau kaɗai. A Turai ma Kepler, wanda ya gano ƙa'idojin tafiyar taurari masu zagaya rana, ya yi wa sarakuna duba da taurari har rasuwarsa a 1630. Lokacin da Alkashinawi ke kan hanyar Makka, Newton bai daɗe da rasuwa a Ingila ba, a 1727, Sarki Jai Singh na Indiya na gina manyan wuraren auna taurari a Delhi da Jaipur, Halley kuma ya riga ya lissafa tun 1705 cewa tauraruwa mai wutsiya da aka gani a 1682 za ta dawo wajen 1758. Ta kuwa dawo, aka sake ganinta a 1835 da 1910 da 1986. Zamani ne da falaki ke rabuwa da duba a hankali, kuma Alkashinawi ya rayu kafin rabuwar ta kammala.

Bambancin fannonin biyu yana fitowa sarai a kan husufi. Wata kan yi duhu idan duniya ta shiga tsakaninsa da rana inuwarta ta rufe shi, abin da ba ya faruwa sai a tsakiyar wata. Rana kuwa kan yi duhu idan wata ya gifta tsakaninta da duniya, a ƙarshen wata. A al'adar Hausawa yara kan fito da gwangwanaye suna kiɗa suna roƙon rana ta saki wata, wasu manya kuma kan ɗauka alamar mutuwar wani babba ce, ko da yake hadisi ingantacce ya kore wannan tun ranar rasuwar Ibrahim ɗan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Husufin rana na ranar 29 ga Maris 2006, wanda ya mai da safiya dare a Gusau da Katsina, an san ranarsa da mintinsa shekaru da dama kafin ya zo. Lissafi ne ya ba da wannan sani, kuma lissafin ne ɓangaren gadon Alkashinawi da ya ɗore.

Rasuwarsa

Alkashinawi bai koma gida ba. Ya rasu a Alƙahira a shekarar 1154 ta Hijira, wato 1741, a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, bayan ya naɗa shi wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shaihu Hasan ya binne shi a maƙabartar malamai ta Mujawirin, ya kuma gina alama a kan kabarinsa. Abdurrahman, ɗan Shaihu Hasan, an haife shi ne fiye da shekara 10 bayan haka, bai taɓa ganin baƙon mahaifinsa ba, amma ya taso a gidan da littattafansa suke. Shi ne ya sa tarihinsa a cikin Aja'ibul Asar, kuma ta wannan hanya ce labarin malamansa da karatunsa ya iso ga mutanen baya. An buga Addurrul Manzum a Alƙahira cikin ƙarni na 20.

Kammalawa

Rayuwar Malam Muhammadu Alkashinawi ta tabbatar da abu biyu. Na ɗaya, a farkon ƙarni na 18 makarantun zaure na ƙasar Hausa da Barno da Bagarmi suna koyar da lissafi da miƙati har zuwa matakin da ɗalibinsu zai zama malami a Alƙahira. Na biyu, ilmin da ba a adana ba yakan bar gida: littattafansa suna Alƙahira da Landan, tarihinsa kuma Bamasare ne ya rubuta. Irin wannan asara tana iya afka wa abin da ya rage a bakin jama'a, domin agogo da kalanda da wayar hannu sun ɗauke wa mutane buƙatar duban sama, hasken lantarki kuma ya dushe taurari a birane. Sunayen taurari na Hausa, da lissafin manziloli na manoma, da waƙoƙin hisabi na ajami da ke cikin gafakar malamai, duk fage ne na nazarin harshe da al'ada. Ɗaliban Hausa da za su zaɓi batun kundin digiri suna da aiki a ƙauyuka irin su Fakku, wurin tsofaffin da har yanzu ke iya nuna Kaza da 'Ya'yanta su faɗi saura kwana nawa a yi shuka. Allah ya jiƙan Malam Muhammadu, ya sa Aljanna ce makomarsa.